Fuskar Kusuma, Muryar Alamelu

Shekara arba'in da shida Kusuma ta yi tana kuka a gaban kyamara, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin muryarta a sinima ko a talabijin ba, ko da tari ne. Tarin ma Alamelu ce ke yi mata.

Duk wanda ya zauna a Kodambakkam, unguwarmu ta 'yan fim a Madras, ya san fuskar Kusuma ko bai san sunanta ba. Da ƙuruciyarta ita ce ƙawar amarya mai riƙe da faranti a bayan jaruma. Da shekaru suka ɗan ja ta zama matar wa mai murguɗa baki. Daga nan aka ɗaga ta zuwa uwar jarumi, wadda ake bankewa da mota kafin hutun rabin fim don ɗanta ya sami dalilin fushi. Ta haifi jaruman da suka girme ta da shekara goma. Ta mutu sau sittin da ɗaya a ƙidayarta, da wuta da ruwa da baƙin ciki. Fim nawa ta yi kuwa, ita tana cewa ɗari uku da wani abu, ƙungiyar 'yan wasa tana cewa bai kai ba, kuma har yau ba a sami wanda ya damu ya zauna ya raba gardamar ba.

Ba 'yar nan ba ce. Daga gaɓar tekun yamma ta fito, wani ƙauye kusa da Udupi inda ake yaren Tulu. Tana da shekara goma sha bakwai, wata safiya uwarta ta ɗora sanwa ta ga babu gishiri, ta aike ta kanti, ta ce ta yi sauri ruwa ya kusa tafasa. A bakin hanya sai ga motar 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari ana ɗaure mata kaya. Kwana uku suka yi suna wasa a ƙauyen, ba wasan da ya wuce Kusuma ba ta kalla ba. Ta hau motar. In ka tambaye ta dalili sai ta yi ta nema da gaske, can ta ce, "Ƙofar a buɗe take." Iyakar abin da ta taɓa samowa ke nan.

Bayan shekara biyu guguwar yawo ta yar da ita a Madras, ba ta san komai a yaren Tamil ba sai "ruwa" da "nawa ne". Ranar farko a wurin ɗaukar fim aka ba ta layi ɗaya tak, aka yi ta nanata mata har ta riƙe. Aka kunna fitilu, ta buɗe baki. Daraktan, wani mai tumbi da ba ya rabo da tawul a wuya, ya toshe kunne.

"Wa ya taka agwagwa a nan?" ya ce. Aka yi dariya. Ya matso ya ƙare mata kallo. "Fuska dai Allah ya ba ki, 'yar nan, amma ranar rabon murya kina barci. Kin iya ƙirga?"

Aka fassara mata da hannu da ido. Ta ce ta iya.

"To ki ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, har sai na ce kot, wato a tsaya. Ki motsa baki, ki zubo hawaye. Sauran aikin ba naki ba ne."

Ba a kanta aka fara ba. Kyamarorin lokacin ƙara gare su kamar injin niƙa, don haka kowace magana sai an sake ɗora ta daga baya a ɗakin murya. Manya su zo su ɗora tasu da kansu, ƙanana a nemo musu ta haya. Wadda aka nemo wa Kusuma ita ce Alamelu, kuma muryar ta zauna a fuskar daram, har ba wanda ya ƙara tunanin raba su. In an ce a kira Kusuma, to an ce a kira Alamelu ke nan.

Ƙirgar ba ta yi shekara ba ta ishe ta. Mutum ba ya iya kuka a kan goma sha bakwai. Sai ta fara magana da Tulu, tun da ba mai ji. Da farko tsiya ce kawai. Ta durƙusa gaban jarumi, hawaye shaɓe-shaɓe, tana cewa, "Kai mai tumbi kamar randa, ƙarfe uku ta yi ba ka ba mu abincin rana ba, Allah ya haɗa ka da basir." Daraktan ya tafa, ya ce bai taɓa ganin uwa irin wannan ba. Sannu a hankali maganar ta yi nauyi. In an ce ta yi kuka, sai ta ɗauko abin da ke ci mata rai a ranar ta faɗa wa kyamara. Ta san akwai abin ɗaukar magana a rataye sama da kanta, amma an gaya mata wannan sautin na gwaji ne, don mai ɗora murya ya ga inda baki ya buɗe da inda ya rufe. Ta ɗauka da an gama zubarwa ake yi.

Daga baya ta iya Tamil, na cefane da na faɗa da mai gidan haya, amma rubutunsa bai taɓa shiga kanta ba, kuma ba wanda ya ce ta sauya. Mataimakin darakta ya zo ya ce, "Akka," wato yaya, haka kowa ke kiranta, "nan ɗanki zai tafi kurkuku, magana ta daƙiƙa arba'in, ki fashe a ƙarshe." Shi ke nan. Ta yi aure sau ɗaya, da wani mai haska fitila da ake kira Durai, wanda ya fi son kwalba a kan gida, ya mutu ya bar ta ba ɗa ba jika. Wannan ma kyamara ta sha labarinsa.

Ita da Alamelu ba su haɗu ya fi sau biyar ba, duk a wurin bikin mutane. Alamelu wata 'yar siririya ce mai tabarau da lema a hammata. Kusuma ba ta son haɗuwar. Abin yana yi mata bambaraƙwai in ta ji muryar da take ɗauka tata ce tana fitowa daga wani baki tana cewa a ƙaro mata miya. Kuma, a faɗi gaskiya, tana ɗan jin haushinta. A ganinta ita ce kura mai shan bugu: ita ce a rana, ita ake turawa cikin taɓo, ita ake ɗiga wa magani a ido, waccan kuwa tana zaune a ɗaki mai sanyi da shayi a gefe.

Sai da ta kai sittin sannan duniya ta waiwaye ta. Aka ɗauke ta a wani shirin talabijin mai dogon zango, "Inuwar Tsamiya", kullum ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da mata suka sauke tukunya. Ita ce Patti, kakar gidan, mai raba faɗa da ba da shawarar da ba a bi. Shekara shida ana yi. A motar haya a tashi a ba ta kujera, a gidan bauta a miƙo mata jarirai ta shafa musu kai. Ba wanda ya taɓa damuwa da cewa Patti ta kan titi da muryar agwagwa take magana. Mutane sun yanke wa kansu cewa adana mai kyan take yi don aiki, kamar zanen fita unguwa.

To a shekara ta shida aka yi wa Alamelu aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi ba ta dawo ba. Aka samo wata ta ci gaba. Kusuma ba ta ɗauki abin da zafi ba, fuska dai tana nan inda take.

Mako biyu da haka ta tsaya sayen furanni wurin Ponni, mai tebur a bakin tasha, wadda ba ta taɓa fashin shirin ba.

"Patti, ashe haka za ki yi mana?" in ji Ponni, tana ɗaure furannin ba ta ko ɗago ba. "Ki bar shiri ba sallama?"

"Wane shiri na bari?"

"Kuɗi suka hana ki, ko? Na sani. Waccan da suka kawo, na yarda, ta yi kama da ke. Amma kama da wane ba ta wane. Ko tafiyarta ba irin taki ba ce."

"Ke Ponni, ni ce fa. Jiya ma ina can tun safe."

Ponni ta dube ta da tausayi. "Kin ji hali irin na manya. An ci amanarki kina rufa musu asiri." Ta juya wurin mai sayar da ayaba. "Ba na gaya miki ba? Ba za ta taɓa faɗa ba."

"Hancin waccan ya fi faɗi," in ji mai ayaba.

Kusuma ta kama hanyar gida tana shafa hancinta. Da ƙarfe ɗaya ta yi ta kunna talabijin ta zauna. Ga ta nan, da zanen da ta ɗaura ranar Talata, da ƙurjin da ya fito mata a haɓa. Matar ta buɗe baki, sai Kusuma ta ji ba ta san ta ba. Ta kashe sautin, ita ce. Ta mayar, wata ce. Ta yi haka ya fi sau goma, har shinkafarta ta huce. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, in ita da kanta ba ta gane matar ba, to shekara arba'in da shida wa mutane suke kallo?

Ilango, daraktan shirin, mutum ne mai kirki wanda rashin barci ya tsofar. Ya kira ta gefe a wurin aiki, ya ja mata kujera da kansa, ta san ba lafiya ba.

"Akka, murya uku muka gwada. Waya ba ta huta ba a gidan talabijin, kowa a dawo da Patti ta asali. Mun ce ita ce, sun ce mun raina musu hankali. Manya sun ce in ba a gyara ba zuwa Juma'a mai zuwa, Patti ta kwanta."

Kowa a sana'ar ya san abin da kwanciya take nufi.

"Za mu rataya hotonki a falo, babba, da furanni sababbi," ya ce. "Kullum za a gan ki."

"Hoton zai ci abinci? Zai fito da safe ya zo aiki?" Ta gyara zama. "Ku gwada tawa mana. Ai ina da murya."

Don kunya ya yarda. Aka karanta mata layi, ta maimaita. Mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa a hankali, ya ajiye a cinya, ya kafa wa takalminsa ido. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar mai tumbi ciwo.

Ba ta tsoron mutuwa, ta saba. Amma duk sauran mace-macen akwai wani fim a gaba. Wannan karon ta san babu. In Patti ta kwanta, Kusuma za ta koma ɗaki ɗaya da fanka da bango huɗu, ba mai ce mata Akka ga kujera. Don haka ranar Lahadi ta sayi lemo ta nufi Tiruwallikeni, gidan Alamelu, da niyyar ta roƙe ta ta koya mata yadda ake yin muryar, ko yaya ne, ko rabi ne.

Mijin ne ya buɗe ƙofa, Sambandam, tsohon kwandastan motar haya, kunnensa ɗaya ya mutu. Alamelu tana zaune a kan tabarma, ƙyalle naɗe a wuya, allon 'yan makaranta da alli a cinyarta. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu ta miƙo. Kusuma ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa.

"Ba na karatu," ta ce.

Alamelu ta rufe baki tana dariyar da ba ta da sauti. Mijin ya karɓi allon.

"Kawo nan. Yanzu ni ne muryarta," ya ce. Ya gyara tsayuwa ya karanta da ƙarfi, yadda ake kiran sunan tasha. "Ta ce sannu da zuwa! Ta ce kin rame!"

Haka hirar ta tafi. Alamelu ta rubuta, ta goge da gefen zane, Sambandam ya yi shela. Kusuma ta rasa wanda za ta kalla. In ta kalli matar, maganar daga mijin take fitowa. In ta kalli mijin, shi bai san abin da yake faɗa ba. Tana ta neman inda za ta sako roƙonta, sai Alamelu ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Sambandam ya kai allon kusa da ido, ya nisanta shi.

"Wannan kuma ba Tamil ba ne. Haruffanmu ne, amma shirme ne." Ya dai karanta, gaɓa-gaɓa, yana tuntuɓe.

Lemon da ke hannun Kusuma ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Tulu ne. Yaren ƙauyensu ne ke fitowa daga bakin kwandasta, a karkace, amma ba ta kasa ji ba. Cewa aka yi: "Yaya ƙafar da Durai ya taka miki, tana ciwo in an yi sanyi har yanzu?"

Ba ta taɓa gaya wa mai rai zancen ƙafar nan ba.

Sauran bayanin ya zo allo bayan allo. Alamelu ta ce tun farko takardun da ake ba ta ba su da rai, "ɗana, kada ka tafi" sau dubu. Amma a cikin abin kunne tana jin wata murya a ƙasa tana rawa, tana faɗin abin da ba shi ne a takarda ba. Sai ta fara rubuta sautin yadda ta ji shi, ta kai wa Shinappa, mai dafa abinci a gidan cin abincin mutanen Udupi da ke tsallaken ɗakin murya, ya fassara mata. Cikin shekara biyar ta daina buƙatarsa.

"Ta ce ba takardarsu take kallo ta yi kuka ba!" in ji Sambandam. "Ta ce ke take saurara! Ta ce ranar basir ɗin mai tumbi sai da aka tsayar da aiki, dariya ta hana ta!"

Kusuma ba ta yi dariya ba. Kunya ce ta fara rufe ta, irin ta wanda ya gano bangon makewayinsa da huda tun ranar da ya tare. Sai fushi ya biyo. Sai wani abu da ba ta san sunansa ba, mai kama da na wanda ya daɗe yana magana shi kaɗai a ɗaki, ya juya ya ga ashe da mutum a zaune.

"Shinappa ma ya ji?" ta ce.

"Ya rasu tuntuni! Ɗansa ke riƙe da wurin!"

Alamelu ta goge allon tas, ta daɗe tana rubutu. Wannan karon ko mijin sai da ya sassauta murya.

"Ta ce akwai fim ɗin da kika yi uwa a tashar jirgin ƙasa, shekara talatin da uku ke nan. Kika ce kin koma ƙauye. Kin sauka a mota, kin sayi ƙullin gishiri a kantin nan dai. Kin tarar da innarki a dakali tana naɗa taba, idonta ya tafi. Ta ji tafiya ta ɗago ta ce, wane ne. Sai darakta ya ce kot." Ya juya allon. "Ta ce ba ki ƙara komawa kan zancen ba. Ta ce tun ranar take jiran ta ji abin da kika ce mata."

Kusuma ta buɗe baki. Ba fitila, ba kyamara, ba wanda zai ce kot, ga kuma ido biyu a bayan tabarau suna jira. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Lemon nan masu zaƙi ne," ta ce. "A ci kafin su lalace."

Ta fita. Sai da ta hau mota ta tuna ba ta yi roƙon da ya kawo ta ba, sai kuma da motar ta kai bakin teku ta gane ba tata ta hau ba.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa gadon Patti a tsakiyar falo, 'ya'ya da jikoki na haya suka kewaye shi, kowa an ɗiga masa magani a ido. Ilango ya durƙusa kusa da ita.

"Minti ɗaya da rabi, Akka. Ki yi yadda kika saba. A ƙarshe ki saki hannun yaron nan."

Aka fara. Kusuma ta ji bakinta yana cewa ɗaya, biyu, uku, abin da rabonta da shi tun tana yarinya. Ta kai ashirin da shida idonta a bushe ƙamas.

"Kot. Akka, lafiya?"

"Wa zai ji?" ta ce.

"Sabuwar mana. Gobe da safe za ta ɗora."

Ba abin da ta tambaya ke nan ba, amma ita ma ba ta san yadda za ta gyara tambayar ba. A da tana magana don ta tabbata ba mai ji. Yanzu ta san da mai ji, kuma mai jin ba ta nan. Ta kwanta tana kallon abin ɗaukar maganar da ke lilo a sama. Aka sake kunna fitilu.

"Alamelu," ta ce da Tulu, "ba kya nan, amma ga shi. Ban ce mata komai ba. Ta sake cewa wane ne. Na san in na yi ko tari za ta gane ni. Duk duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa toshe kunne don muryar nan ba. Kuma in ta gane ni za ta ce ina na je, ni kuwa ban san amsa ba, har yau ban sani ba. Ta ce in baƙo ne ga ruwa can a tulu. Na sha. Na ajiye gishirin a ƙarshen dakali, na juya na bi motar yamma. Na ce sai na shirya abin faɗa in dawo. Damina ba ta fita ba ta rasu. Ban san ko hannunta ya kai kan ƙullin ba, ko kaji ne suka barbaza shi."

Minti ɗaya da rabi ya wuce. Ilango bai ce kot ba.

"Ni ce, Inna," in ji Kusuma. "Kusuma ce. Na daɗe."

Ta saki hannun.

A daren ranar aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi, irin na watan Nuwamba da ke mai da titunan Madras kogi. Mai sabuwar muryar tana can Tambaram a bayan gari ruwa ya tare ta, ga shi dole a miƙa shirin Litinin kafin yamma. Ilango ya saurari sautin gwajin sau biyu, ya ce a bar shi haka. Mataimakinsa ya tuna masa cewa Patti haifaffiyar Madurai ce, garin Tamil zalla, ina ta samo wannan yaren?

"Babban ɗanta sau uku yana sauya fuska, surukarta ta dawo daga lahira sau biyu," in ji Ilango. "Wa ya tambaya? Miƙa."

Ba wanda ya tuna ya gaya wa Kusuma. Ranar Litinin ta kasa zaman ɗaki, ba ta son ganin wata baƙuwa tana mutuwa da fuskarta. Ta fita tana tafiya ba inda ta nufa, har ƙafa ta kai ta inda ɗakin murya yake a da, yanzu benaye ne. Gidan abincin yana nan a tsallake. Ta shiga ta zauna a lungu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta manta kowane gidan abinci da talabijin a bango.

Sai ta ji agwagwa. Ta ɗago a firgice tana neman wanda ke kwaikwayonta. Daga akwatin ne. Ta ƙara jan mayafin.

Masu cin abinci suka tsaya da hannu a cikin shinkafa. Ba wanda ya san abin da ake faɗa, amma wata mata a teburin kusa tana share ido da bakin zane.

"Kin gani?" ta ce wa abokiyarta. "Sai da za a kashe ta suka dawo da ta asalin. Wannan ce Patti."

Kusuma ta rasa yadda za ta ɗauki wannan. Ba muryar Alamelu ba ce, ba kuma yarensu ba ne, to me suka gane? Tana cikin wannan ta lura ƙarar kwanuka ta ɗauke. Masu dafa abinci sun fito daga madafa, mutum biyar, ɗaya da ludayi a hannu, sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin talabijin. Su ba kuka suke ba. Saurara suke yi, kalma bayan kalma.

Da aka sa kiɗan ƙarshe, mai wurin ya zagayo daga bayan teburin karɓar kuɗi, wani mai furfura da ya ɗauko goshin Shinappa. Ya ajiye mata kofi mai zafi ba tare da ta nema ba, ya tsaya yana goge teburin da ba shi da datti. Sannan ya yi magana da Tulu, a hankali, don ita kaɗai.

"Akka, kakata ma makauniya ce, a hannunta na tashi. Makaho ba ya kwana bai lalube dakalinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba. Ta samu ƙullin."

Shekara arba'in da shida, wannan ne karo na farko da ta faɗi magana a gaban kyamara aka ba ta amsa.

"Kana ganin ta gane?" ta ce.

"Wa kuma ta aika gishiri?"

Kusuma ta riƙe kofin da hannu biyu har ya daina ƙona ta. Gobe za a rataya hotonta a falo da furanni, ta sani, kuma ba mai aiko mata mota da safe. Ta shanye, ta goge baki, ta tambaye shi lambar motar da ke zuwa Tiruwallikeni, unguwar su Alamelu. Ya faɗa mata. Ta sa ya maimaita.